Babbar Rigar da Na Bari Jingina

Abu na farko da Pak Hendra ya yi da ya gan ni a filin jirgin Jakarta shi ne ɓata rai. Ya dubi hoton da ke cikin wayarsa, ya dube ni, ya sake duban wayar, kamar wanda ya aika a sayo masa rago aka kawo masa akuya. Ni kuwa sai washe baki nake yi, na ɗauka gajiyar jira ce ta dame shi. Pak a wurinsu kamar Malam ne ko Alhaji a wurinmu, shi kuma Hendra ɗan kwangila ne, kuma shi ya ɗauko ni tun daga Zariya.

"Ina rigar?" Tambayar da ya fara yi mini ke nan da Turancinsa mai tsalle-tsalle, ko sannu da hanya babu.

Sunana Nuhu, amma a Tudun Wada sai ka ce Nuhu mai firji kafin a gane wanda kake nufi. Na yi difloma a Kongo, makarantar koyon mulki ta nan Zariya, kan mulkin ƙananan hukumomi, na yi yawon neman aiki har takalmi ya huje, daga ƙarshe na haƙura na koyi gyaran firji da haɗa sola, kuma da wannan nake riƙe gidana. Alhaji Sale, wani ɗan unguwarmu da ke saro yadi a Jakarta yana aikowa gida, shi ya ji ana neman mai sana'a irin tawa daga ƙasar waje, ya ba da sunana. Da aka ce in turo hoto, sai na tura wanda na fi kyau a ciki, na ranar sallah, ina sanye da babbar rigata shuɗiya mai aska takwas, ɗinkin hannu na cikin birni. Rigar aurena ce. Da zan taho, matata Sa'adatu ce ta cusa ta a jaka da ƙarfi, tana cewa ko ranar Juma'a in saka, kada a ce mutumin Zazzau ba shi da sutura.

Na ce wa Pak Hendra tana cikin jaka. Nan take fuskarsa ta saki, ya karɓi jakar da kansa ya riƙe mini. A lokacin na ce a raina, kai, mutanen ƙasar nan akwai girmama baƙo.

A gidan Alhaji Sale na kwana biyu, shi ya warware mini yadda aikin yake. Can ƙarshen gabashin ƙasar akwai wani yanki na duwatsu da dazuzzuka da aka bari a baya. Mutanen wurin sun daɗe suna kukan ana kwashe arzikin ƙasarsu ana barinsu da zazzaɓi. Don a kwantar da hankali, gwamnatin tsakiya ta ba su abin da ake kira cin gashin kai na musamman, wato su riƙa tafiyar da wasu al'amuransu da kansu, kuma duk shekara a tura musu kuɗi na daban domin asibiti da makaranta da hanya. Daga cikin kuɗin nan aka ba Pak Hendra kwangilar sa firjin magani mai aiki da sola a ƙananan asibitocin ƙauyuka. Sharaɗin kwangilar shi ne dole wani ƙwararre daga ƙasar waje ya tsaya a kan aikin. Bature yana da tsada. Nuhu mai firji kuwa, a kuɗin Bature guda sai a ɗauko mu cikin mota.

Ban ji haushin wannan ba. Abin da na karanta ne a Kongo zan gani da idona, kuma da sifana a hannuna. Har na kira Sa'adatu ina yi mata lacca a kan yadda ake kai mulki kusa da talaka, ita kuwa tana ta tambayata ko na ci abinci.

Daga Jakarta muka yi wata doguwar tafiyar jirgi zuwa babban birnin yankin, wanda yake a bakin teku. A nan na gane dalilin ɓacin ran Pak Hendra. Mutanen wurin baƙaƙe ne kamata, wasu ma sun fi ni. Idan na sa taguwa da wando na shiga kasuwa, babu mai waiwayowa. Sai dai a yi mini magana da yarensu, in tsaya ina zare ido, a ɗauka girman kai ne. Wata tsohuwa mai gasa kifi ta yi ta yi mini faɗa da yarenta, da aka gaya mata daga Afirka nake sai ta kama hannuna tana jujjuyawa tana dariya, ta ƙara mini kifi biyu. Kullum bayan nan sai ta ajiye mini mai tsoka. Amma kifi da shinkafa safe da rana da yamma ya isa ya sa mutum kuka. Na yi kewar tuwon masara da miyar kuka har na fara jin haushin kaina saboda ranakun da na taɓa rainawa a gida.

Ƙwararre daga ƙasar waje wanda ba a gane shi a hoto ba shi da amfani. Saboda haka Pak Hendra ya kafa mini doka: duk ranar buɗe aiki, babbar riga da hula. Na ce masa ba a hawa rufin kwano da babbar riga. Ya ce in hau da taguwa, in na sauko in canza.

A ƙaramin jirgi muka tafi ƙauye na farko, irin wanda in iska ta buga shi sai ka tuna duk wanda ka taɓa saɓa wa. Muna tare da leburori biyu, da firji a cikin kwalinsa, da farantan sola, da batura. Na yi aikina tsakani da Allah. Na ɗaure farantan a rufi, na ja waya, na haɗa batura, firji ya ɗauka yana gurnaninsa a hankali. Washegari manya suka sauka a nasu jirgin, daga ofishin gwamna da majalisar yanki da hukumar gunduma, kowa da rigar aiki mai tambari. Na saka babbar riga. Aka yanka zare, aka tafa, aka tsayar da ni kusa da firji ina riƙe da ƙofarsa kamar ango da amarya. Mutanen ƙauye suna ta rawa a waje.

Jirgin manya yana ɓacewa cikin gajimare, na ji ƙarar guduma a rufi. Leburori ne suke kwance abin da na ɗaura jiya, firjin ma har an mayar da shi cikin kwalinsa.

"Pak, lafiya?"

"Wannan na gwaji ne," in ji shi. "Nasu yana cikin teku, yana tafe. Kai dai shirya, muna sauri."

Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu. Na yarda. Na yarda a ƙauye na biyu ma. A na uku kuwa, da na ga Pak Hendra ya durƙusa bayan firjin yana ɓare lambar da ke jikinsa yana liƙa wata sabuwa, sai na gano dabarar. Firji ɗaya ne tak muke yawo da shi, har lotsawar da ya samu a gefe ranar da muka fara sauke shi tana nan, sai dai a juya ta wajen bango kafin a ɗauki hoto.

Na tare shi a masauki na ce ya gaya mini gaskiya. Bai ko yi musu ba. Ya zauna ya cire tabarau, ya ce, "Mista Nuhu, kai kana ganin ni ne ɓarawon? Kuɗin nan daga tsakiya yake tasowa. Kafin ya fita ofishin farko an yanki wani abu. Majalisa tana da nata. Gunduma tana da nata. Wanda zai zo duba aiki sai na biya masa jirgi da masauki da abin sa wa a aljihu. Abin da ya iso hannuna, firji ɗaya yake saya. To, ko dai in nuna musu shi a ko'ina, ko a ba wani kwangilar wanda ko ɗayan ba zai saya ba."

Na ce, "Su masu yanka zaren ba su sani ba ne?"

Ya yi dariya har da tari. "Wanda ya yanka zare yau shi ya yanka wancan makon. Kana ganin bai gane lotsawar ba?"

Ranar na kasa cin abinci don takaici. Ba ƙaryar kaɗai ta ƙona mini rai ba, a gida ma mun saba ganin rijiyar burtsatse da ke ba da ruwa ranar buɗewa kawai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne da fuskata da rigar aurena ake buga tambarin ƙaryar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na ce zan koma gida. Ya tuna mini cewa bizata a ƙarƙashin kamfaninsa take, tikitin komawa ma yana hannunsa, kuma saura ƙauye ɗaya a gama.

Akwai wani abu da na lura da shi tun farko amma ban ba shi muhimmanci ba. Duk ƙauyen da muka je, mutane sukan so su yi mana girki, shi kuwa Pak Hendra ba ya taɓa bari mu zauna. Kullum muna sauri. Na ɗauka ƙyama ce irin ta mutanen birni.

A jirgin zuwa ƙauye na ƙarshe muka sami ƙarin fasinja, wata mata gajera kakkaura, ta rungume kular ƙanƙara a cinyarta. Matuƙi ya ce ta ajiye a baya tare da kaya, ta ƙi. Sunanta Sista Yuliana, ita ce nas kuma ungozomar ƙauyen, kuma tana jin Turanci fiye da Pak Hendra. Ta dube ni ta ce, "Kai ne mai firjin? Allah ya kawo ka." Ta buɗe kular kaɗan ta nuna mini ƙananan kwalabe jere cikin ƙanƙara. Allurar tsayar da jini ce bayan haihuwa. Ta ce zafi yana kashe ta, shi ya sa ba ta taɓa iya ajiye ta ba, amma da ta ji an ce firji yana tafe sai ta yi ta zarya a ma'ajiyar magani har aka ba ta.

"Akwai wadda nake tanadar wa," ta ce. "Marta, 'yar mai garinmu. A haihuwarta ta fari jini ya ɓalle mata, da ƙyar muka ga ta dawo. Yanzu tana da wani cikin, saura kamar wata uku. Idan allurar nan tana hannuna da ranta, ba na jin tsoro."

Na dubi Pak Hendra. Ya juya yana kallon taga.

Ƙauyen yana cikin wani kwari a bakin kogi, zafinsa irin na Zariya ne gab da faɗuwar damina, ga gumi kuma. Mai garin, Baba Matius, tsoho ne dogo mai furfura, a gidansa aka sauke ni. Marta ce ta kawo mini ruwa, tana tafe tana dafe da ƙugu, ta tsaya tana kallon aikin wuyan rigata da na rataye, ta taɓa da yatsa ta ce wani abu. Sista ta ce cewa ta yi wanda ya ɗinka wannan yana da haƙuri. Na haɗa firji, ya ɗauka. Sista Yuliana ta jera kwalabenta a ciki ɗaya bayan ɗaya, ta rufe, ta jingina goshinta da ƙofar ta daɗe a haka. Manya suka zo suka yanka zare suka tafi. Kafin namu jirgin ya dawo ɗaukarmu, gajimare ya rufe bakin kwarin ruf, aka ce sai ya washe. Karo na farko ke nan da Pak Hendra ya rasa saurin da zai yi.

Washegari gari ya ɗauki hayaniya tun da safe. Aka tara itace, aka gasa duwatsu har suka yi ja, aka haƙa rami aka shimfiɗa ganye, ana jera duwatsun da dankali da nama ana rufewa. Haka suke girkin babban taro. Naman kuwa alade ne, na ce to, na ma huta, ga uzuri ya samu. Sai ga Sista Yuliana ta zo da kaji biyu da wuƙa. Ashe ta gaya musu ni Musulmi ne, suka haƙa mini rami na daban can gefe, da sababbin duwatsu da aka ɗebo daga kogi waɗanda ba su taɓa taɓa alade ba, kuma suka ce in yanka da hannuna yadda addinina ya ce.

Pak Hendra ya ja ni gefe. "Kada ka ci. Ka ce cikinka yana ciwo."

"Don me?"

"Na ce kada ka ci."

Ni ɗan Tudun Wada ne. A gidanmu ko almuru ka shigo aka ajiye maka kwano, sai ka sa hannu ko loma ɗaya ce, in ba haka ba ka zagi mai gida. Balle mutanen da ba su san ni ba, ba addininmu ɗaya ba, su sha wahalar ɗebo duwatsu daga kogi saboda ni. Na saka babbar rigata don girmama su, na zauna kusa da Baba Matius, na yi bisimilla na ci har na yi gyatsa. Tun da na bar gida ban ci abin da ya kwanta mini a rai kamar wannan ba.

Ana gamawa dattawa suka miƙe suka kama hannuna, muka nufi asibiti gari duk yana biye. Baba Matius ya ɗora tafina a kan firjin, ya ɗora nasa a kai, sauran suka bi. Ya yi magana da ƙarfi, mutane suka amsa. Sista ta raɗa mini cewa a al'adarsu, idan mutum ya kawo kyauta ya kuma ci abincin da aka dafa dominta, kyautar ta zama ta gari. Wanda ya zo ɗauka bayan haka, faɗa ya zo nema da kowa da kowa. Su kuma a ganinsu mai babbar riga shi ne mai kayan. Sai a lokacin na gane saurin da muke ta yi a sauran ƙauyuka. Wallahi daɗi ya kama ni. Na ce yau dai kwaɗayi da ladabi sun yi rana.

Murnata ba ta daɗe ba. Ranar da gari ya washe jirgi ya sauka, Pak Hendra bai ko kalli firjin ba. Ya ce wa leburori su hau rufi. Ya ce wa mutanen gari akwatin, wato firjin, nasu ne, shi ba ya jayayya da al'ada, amma farantai da batura ba wanda ya ɗora musu hannu, kuma dole a kai su birni a gwada. Ya miƙo mini sifana, na ƙi karɓa. Na tsaya a ƙofar ɗakin batura na ce sai dai a bi ta kaina. Na yi masa Turanci, na yi masa Hausa, har da abin da ba zan rubuta a nan ba. Ya kira 'yan sanda biyu da ke gadin filin jirgi, suka matsar da ni gefe kamar buhu. Ina tsaye aka zare waya, gurnanin firjin ya tsaya. Sista Yuliana ta buɗe ta fara kwashe kwalabenta tana mayarwa cikin kular da ƙanƙararta ta riga ta narke.

Baba Matius ya zo gabana, Sista tana fassara. "Mai riga, ka ci abincinmu. Me ya sa akwatin ya yi shiru?"

Na ce masa ba ni ne mai kayan ba, amma zan je birni in kai ƙara, kuma in Allah ya yarda zan dawo da batura kafin Marta ta haihu.

Ya girgiza kai. "Duk wanda ya sauka a jirgin nan haka yake cewa. A wurinmu magana ba ta zama ita kaɗai. Mai niyyar dawowa yakan bar abin da yake sawa a jikinsa."

Ban yi dogon tunani ba, na cire babbar rigar na miƙa masa da hannu biyu. Ya karɓa ya rataye ta a kan firjin. Sannan ya ce, "Wannan alkawarin na Marta ne. Riga tana komawa wurin mai ita ta hanya biyu. Ko ya zo ya ɗauka da hannunsa, ko mu aika masa ranar da muka binne wadda aka yi alkawarin dominta, don ya san ya huta."

Na ce, "Idan ta sauka lafiya kafin in dawo fa?"

"Sai rigar ta ci gaba da jiranka. Ai ba ka kawo ba tukuna."

A birnin bakin teku na fara zagayen da har yau in na tuna raina yake ɓaci. Na je hukumar gunduma, aka ce su karɓar aiki kawai suke yi, ba su suka ba da kwangila ba, in je ofishin gwamna. A can na wuni a kan benci, wani jami'i mai fara'a ya ba ni shayi, ya ce a wurinsu an gama aiki, ga hotuna, ai ga ni nan ma a ciki. Ya juyo mini kwamfutarsa. Ga ni kuwa, asibiti bayan asibiti, ina riƙe da ƙofar firji ina murmushi. Na ce masa ya duba da kyau, firji ɗaya ne a duk hotunan. Ya ce shi ba makaniki ba ne, in kai wa majalisar yanki, su ke sa ido. A majalisa aka ce 'yan kwamitin sun tafi ƙasar waje koyon yadda ake sa ido. Na sami ofishin masu binciken kuɗi na gwamnatin tsakiya, na ce to, yau na zo gidan gaskiya. Mutumin ya saurare ni sosai, har yana gyaɗa kai, sannan ya ce abin da ban taɓa mantawa ba: "Yankin nan yana da cin gashin kansa. Idan muka matsa, a ce muna yi musu katsalandan. Ka koma wurinsu." Na koma wurinsu, suka ce kuɗin ai daga tsakiya ya zo, tsakiya ce za ta bincika.

A Kongo an koya mana cewa idan aka kai mulki kusa da jama'a, jama'a za su san ƙofar da za su buga. Ni na buga ƙofa duk da na gani, kowacce tana nuna mini ta gaba. An ba yanki 'yancin kashe kuɗi, amma ba a ba Baba Matius 'yancin tambaya ba. Kuma duk wanda na gaya wa akwai mace mai ciki da ke jira, sai ya ce Allah sarki, ya dubi agogo.

Na gwada sayen batura da kaina. Abin da ke hannuna ya isa batir amma bai isa farantai da kuɗin jirgin kaya ba, sauran albashina kuma yana wurin wanda nake kai ƙara. Tsohuwa mai kifi ce ta riƙa ciyar da ni a kwanakin nan, ba ta san me nake ciki ba, ta dai ga na rame. Sista Yuliana ta samu ta hau wani tudu inda waya ke kamawa, ta turo mini saƙo cewa ta sa kwalaben a tukunyar ƙasa ta binne a yashin bakin kogi, amma ba ta san ko suna da sauran rai ba. Ta ce Marta tana gaishe ni, ƙafafunta sun fara kumbura.

Ban kai ga ba ta amsar kirki ba jami'an shige da fice suka zo masaukina. Kamfani ya sanar cewa aikina ya ƙare, bizata ta mutu, in tattara. Alhaji Sale ya yi iya ƙoƙarinsa a Jakarta, ya bi mutane ya roƙa, bai yiwu ba. Ya raka ni filin jirgi yana ta ba ni haƙuri, yana cewa shi ya jawo mini. Na ce masa ya dai riƙe lambar Sista, in an samu wata hanya.

A Tudun Wada na tarar na zama Injiniya. Ashe gwamnatin yankin ta buga wani littafi mai launi na ayyukan da kuɗin cin gashin kai ya yi, hotunan suka zagayo ta waya har unguwarmu. A majalisar ƙofar shagona ana ta miƙa wa juna. "Kai, Malam Nuhu, asibiti nawa ke nan ka haɗa? Ka fitar da mu kunya!" Na yi bayani sau ɗaya, sau biyu, aka ce tawali'u ne. Wani ma cewa ya yi, "To ai ko a nan haka ake yi, kai dai an biya ka?" Na daina. Sa'adatu kaɗai na zaunar na gaya wa firji ɗaya ne, amma zancen jinginar riga na ce mata kawai na bar ta wurin mai masaukina, sai na koma. Ban faɗa mata sharaɗin ba, don ban so in ji shi da bakina.

Na ci gaba da tura saƙo ga duk ofishin da na samu adireshinsa. Na tura wa Sista ma, sau da yawa, ba ya shiga. Na riƙa gaya wa kaina ai sai ta hau tudu, kuma damina ce a can. Duk firjin da aka kawo mini gyara, in ya ɗauka ya fara gurnani, sai in tuna da Marta. Wata uku suka wuce, har da ɗoriya. Na ce shiru ma alheri ne, tunda ba a aiko da komai ba.

Ana saura kwana kaɗan babbar sallah Alhaji Sale ya zo gida. Da la'asar ya yi sallama a ƙofar gidana, muka gaisa a zaure, ya ajiye wani ƙulli a leda. Ya ce wata nas ce ta ba wani direban jirgin ruwa, shi kuma ya kawo masa har shago a Jakarta, an ce a ba mai firji. Babu takarda, babu saƙon baki. Bai san mene ne a ciki ba.

Na shiga da shi cikin gida ban buɗe ba. Sa'adatu ce ta karɓa ta warware. An wanke ta tas, an ninke ta da kyau, tana ƙanshin hayaƙin itace.

"Lah, rigarka ce!" ta ce, tana ɗaga ta tana duba aikin wuyan. "Kai, amma mutanen nan akwai amana. Dubi, ko zare bai fita ba. Kuma ta zo a kan gaɓa, bari in kai wa mai guga, sai ka sa ta ranar idi."

Na zauna a bakin gado. Ta juyo ta dube ni, murmushin ya tsaya mata a fuska.

"Malam, lafiya?"

Na ce, "Ninke ta ki mayar, Sa'adatu. Kawo mini buta. Ta'aziyya aka aiko mana."